Tarbiyyar 'ya'ya ba ta karɓar wakili: Jan hankali ga iyaye Kiristoci na hanyar Keffi

Tsakanin Keffi da Sakatariyar Tarayya da ke tsakiyar Abuja akwai tafiyar kimanin kilomita 50. A kan taswira ba ta kai awa guda ba, amma duk ma'aikacin da ke bin hanyar ya san cunkoson Masaka da Mararaba da Nyanya ne ke yanke masa lokacin isa ofis da lokacin komawa gida. Shi ya sa mutane da yawa ke fita kafin ƙarfe biyar na asuba, ba kuma sa dawowa sai dare ya yi. Kilomita 100 ke nan a rana, 500 a mako. Mun iya lissafin abin da wannan zirga-zirga ke ci a aljihu, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Lissafin da muka bari a baya shi ne na cikin gida, inda yaro ke barci sa'ad da iyayensa suka fita, yana kuma gyangyaɗi sa'ad da suka dawo.

Ba da son ransu ma'aikata suka yi nisa da wurin aiki ba. Tun da gwamnati ta tare a Abuja cikin Disamban 1991 masauki ke ƙaranci. Sayar da gidajen gwamnati da ya biyo bayan sauye-sauyen 2003, da rusau ɗin zamanin da Nasir El-Rufai ke ministan Abuja, da tsadar hayar da ba ta san albashi ba, su suka yi ta tura mutane gabas, daga Karu zuwa Masaka, daga Uke har Keffi. Cikinsu akwai Kiristoci masu yawa, 'yan ECWA da ERCC da Katolika da Angalika da Baftis da COCIN da sababbin ikilisiyoyi, kuma babu shakka suna so da zuciya ɗaya 'ya'yansu su tashi cikin bangaskiya. To, amma so daban, iyawa daban. A ganina babban kuskuren da irin wannan rayuwa ke jefa iyaye ciki shi ne ɗaukar tarbiyya tamkar aikin da ake iya miƙa wa wani. Sauran kurakuran duk rassa ne na wannan.

Aikin gwamnati ya koya mana wata ɗabi'a mai amfani a ofis, mai illa a gida. Fayil ya zo teburinka, sai ka rubuta umarni a kansa ka tura wa na ƙasa da kai, daga baya ka nemi rahoto. Haka da yawanmu suka tsara renon 'ya'yansu. Karatun Littafi Mai Tsarki an tura wa malamar makarantar Lahadi. Ladabi an tura wa makarantar mishan ko ta kwana. Abinci da wanka an tura wa 'yar aiki. Kaɗaicin yamma kuma an bar wa waya da talabijin. Uba ya zama mai biyan kuɗi da karɓar rahoto, uwa ta zama mai duba aiki cikin gajiya.

A yi lissafi kaɗan. Mako yana da awa 168. Makarantar Lahadi, in ta daɗe, awa biyu ce. Ko an haɗa da atisayen Boys' Brigade ko Girls' Brigade da koyon waƙa na ranar Asabar, da wuya a wuce awa shida. Sauran lokacin fa, wa ke magana da yaron? Ita kanta makarantar Lahadi, yadda Robert Raikes ya yaɗa ta a birnin Gloucester na Ingila daga 1780, an ƙirƙiro ta ne domin yaran talakawa masu aikin masana'anta kwana shida a mako, waɗanda babu mai koya musu karatu. Agaji ce ga gidan da ya gaza, ba a yi ta don ta gaji iyaye ba. Littafin Maimaitawar Shari'a, a sura ta shida, a wuyan iyaye ya rataya koyarwa, ya kuma saka ta cikin hidimar yau da kullum daga wayewar gari zuwa lokacin barci.

Akwai labarin da ya kamata kowane ma'aikacin gwamnati Kirista ya yi ta juyawa a ransa, wato na annabi Sama'ila. Mutum ne da ya yi wa jama'arsa alƙalanci da tsabtar hannu, har a jawabinsa na ban kwana ya nemi duk wanda ya taɓa zalunta ko ya karɓi toshiya a hannunsa ya fito, aka rasa ko mutum ɗaya. Kowace shekara yana zagayen aiki tsakanin Betel da Gilgal da Mizfa kafin ya koma gidansa a Rama. Amma da ya tsufa ya naɗa 'ya'yansa Yowel da Abaija alƙalai a Biyer-sheba, sai suka bi kuɗi, suka ci hanci, suka karkatar da shari'a, har dattawa suka kafa hujja da halinsu suka ce a naɗa musu sarki. Abin da ya ƙara wa labarin nauyi shi ne, Sama'ila a gidan Eli ya tashi a Shilo, ta bakinsa ma aka isar da hukunci a kan Eli saboda bai kwaɓi 'ya'yansa Hofni da Finehas ba. Nassi bai fito fili ya ɗora laifin a kan tafiye-tafiyen Sama'ila ba, sai dai ya bar mana gaskiya mai ɗaci: mutum yana iya gama aiki da suna mai kyau a idon ƙasa, gidansa kuwa ya kuɓuce masa. Nagarta ba ta bin jini yadda kamanni ke bi.

Reshe na farko na wannan kuskure shi ne saɓani tsakanin abin da iyaye ke faɗa da abin da suke yi. Wanda ba ya samun lokaci da ɗansa yakan ɗauka wa'azin minti biyar zai wadatar, ya manta cewa yaro da ido yake koyo kafin kunne. Yana jin ubansa yana ce wa maigidansa a waya ya iso Nyanya alhali ko takalmi bai sa ba. Yana gani ana rage masa shekara a takardar rantsuwar kotu. Yana kai wa aji shida na sakandare sai a ɗauke shi daga makarantarsa a kai shi wata cibiya a ƙauye inda ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo, da kuɗin uban da ke karanta nassi a gaban ikilisiya ranar Lahadi. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 tana nan, amma kafin a kai ga doka an riga an koya wa yaron darasin da ba zai manta ba, cewa gaskiya kayan coci ce, ana tuɓe ta a bakin ƙofa. Yaron da aka saya wa sakamako yana da shekara 17, kada a yi mamaki in ya sayi takardar kama aiki yana da 27. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wannan ciwo tsoho ne. Agustin, babban malamin ikilisiya ɗan Afirka da aka haifa a 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, ya ba da labarin yadda mahaifinsa ya matse kansa fiye da ƙarfinsa don ya tura shi karatu Kartej, mutane na ta yaba masa, amma bai damu da irin mutumin da ɗan ke zama a gaban Allah ba. Keffi gari ne na ilimi. Kwalejin Gwamnati ta Keffi ta yaye manya, ciki har da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua. Ga Jami'ar Jihar Nasarawa a cikin gari, ga Jami'ar Bingham ta ECWA a Karu da aka kafa a 2005. Neman ilimi abin yabo ne. Amma uban da tambayarsa kullum ita ce "Na nawa ka zo?", bai taɓa cewa "Wa ka taimaka a makon nan?" ko "Me ke damunka?" ba, ya riga ya gaya wa ɗansa abin da ya fi daraja a gidan.

Reshe na biyu shi ne cike gurbin rashi da zafin hannu. Uba ya dawo ƙarfe tara na dare, cunkoso ya cinye haƙurinsa, sai a tare shi da jerin laifuffukan yini. Ba shi da lokacin bincike, saboda haka bulala ce ke yanke shari'a. A hankali ƙarar motarsa ko ƙwanƙwasa ƙofarsa ta zama abin firgita. Masu wannan hali sukan fake da ayoyin littafin Karin Magana da suka ambaci sanda, su tsallake gargaɗin da manzo Bulus ya yi wa ubanni musamman, a wasiƙarsa ga Afisawa da ta Kolosiyawa, game da tsokanar 'ya'ya har su fusata ko su karai. Horo yana da manufa, yana da iyaka, yana kuma zuwa da bayani. Abin da ake yi cikin fushi huce haushi ne, yaro kuma ya san bambancin.

Binciken cin zarafin yara da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna kusan yara shida cikin goma a Nijeriya na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma na fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata. Akasari wanda yaron ya sani ne ke aikatawa, kaɗan ne kuma ke samun taimako. A nan ne haɗarin tsoro yake. Yarinyar da aka saba dukanta kan fasa kofi ba za ta iya buɗe baki ta ce wani kawu ko malami ko maƙwabci yana taɓa ta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mafi muni shi ne inda iyaye suka kasa gane halin ɗansu sai su kira shi maye ko mai aljani, su kai shi gidan addu'a a sa shi azumin dole ko a ɗaure shi. Abin ya taɓa yin ƙamari a Akwa Ibom har jihar ta haramta shi a dokarta ta 2008, kuma Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta hana azabtar da yaro ko wulaƙanta shi. Yaron da ke fitsarin kwance, ko farfaɗiya, ko jinkirin magana, ko ya shiga shaye-shaye, yana bukatar addu'a da likita tare. Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan cikin Keffi. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

Akwai kuma kishiyar zafin hannu, wadda ita ma daga rashin zama take fitowa. Iyayen da lamiri ke damunsu sukan biya bashin lokaci da kaya. A sayo babbar waya, a sa mata data, a kawar da kai daga kowane laifi don kada ɗan lokacin da ake da shi ya ɓaci. Littafin Sarakuna na farko ya shaida cewa Dawuda bai taɓa tsawata wa ɗansa Adonaija ba, ƙarshensa kuwa yaron ya nemi karɓe sarauta uban na kwance. Waya mai intanet a hannun ɗan shekara goma, a gidan da babu babba daga safe har dare, baƙo ne da aka ba ɗaki ba a tambayi sunansa ba. Hausawa sun ce ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi.

Kada kuma a manta da yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye don ta riƙe gidan. A zahiri ita ke renon yaran, sau da yawa ita ma yarinya ce. Idan tana cin abinci a tsaye a kicin, tana kwana a ƙasa, ba ta zuwa makaranta, ranar Lahadi kuma a bar ta da wanke-wanke, to duk abin da za a koya wa 'ya'yan gida game da ƙaunar maƙwabci ya rushe tun ba a fara ba.

Reshe na uku ya shafi harshe da asali. Bishara ta kafu a wannan yanki ne da Hausa da harsunan gida. Ikilisiyar ERCC, mai hedikwata a Alushi kusa da Akwanga, ta tsiro daga aikin mishan ɗin SUM reshen Afirka ta Kudu. ECWA kuma, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, daga SIM ta fito. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, da shi kakanni da yawa na Eggon da Mada da Gbagyi da sauransu suka koyi karatu. Yau ga jikokinsu a Angwan Lambu da Dadin Kowa ba sa jin harshen kakanni, Hausarsu ta kasuwa ce kawai, addu'a kuwa sai da Turanci. Iyaye na shiga sujadar Hausa, yara na shiga ta Turanci, a haɗu a bakin mota. Kaka ta zo daga ƙauye da labarin yadda aka sha wuya kafin a gina majami'ar farko a garinsu, amma babu harshen da za ta ba jikanta. Bulus ya danganta bangaskiyar Timoti da kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Gidan da ya yanke wannan igiya da hannunsa ya yi asarar malamar da ba ta karɓar albashi. Turanci dole ne don makaranta da aiki, amma yaro na iya ɗaukar harshe uku ba tare da ya yi nishi ba.

Reshe na huɗu ya fi kowanne bukatar hattara a gari irin Keffi. Masarauta ce mai tarihi tun zamanin Abdu Zanga a farkon ƙarni na 19, Musulmi da Kirista na cin kasuwa ɗaya, suna layi ɗaya a asibiti, kuma a jihar Nasarawa ba abin mamaki ba ne a sami fasto da liman a zuriya ɗaya. Iyayen da ba su da lokacin koya wa yaro abin da ya gaskata sukan ɗauki gajeriyar hanya su koya masa wanda zai ƙi. Hirar mota da saƙonnin WhatsApp da ake karantawa da ƙarfi a falo sun isa su dasa ƙiyayyar da wa'azin shekara ba zai tumɓuke ba. Yaron da ya san dalilin bangaskiyarsa zai iya gaishe da Alhaji maƙwabcinsu da ladabi, ya karɓi naman Sallah, ya kai shinkafar Kirsimeti, bai rasa komai ba. Wanda aka gina a kan tsoro kuwa, ranar da ya sami aboki Musulmi mai gaskiya a jami'a ko a hidimar ƙasa, zai fara shakkar duk abin da aka gaya masa a gida, har da na gaskiyar.

Na san abin da mai karatu zai ce: "Malam, da bakinka kake faɗa. In ban fita da asuba ba, wa zai biya haya da kuɗin makaranta?" Gaskiya ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ya kama ɗaki a Wuse ko Garki. Ba a ce kowa ya ajiye aiki ba. Ana magana ne a kan ɗan lokacin da ya rage, da kuma waɗanda ke wawashe shi.

Ikilisiya na cikinsu, dole a faɗa. Litinin taron kwamiti, Talata nazarin Littafi, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis Zumuntar Mata, Jumma'a kwanan addu'a, Asabar biki ko jana'iza, Lahadi sujada da taron ƙabila har la'asar. Wanda ya halarci duka shi ake kira mai himma, a zaɓe shi dattijo, alhali ƙa'idar da Bulus ya ba Timoti ta sa iya riƙon gida cikin sharuɗɗan shugabanci. Ya kamata fastoci da majalisun dattawa a Keffi da Masaka da Karu su keɓe aƙalla dare biyu a mako da babu wani taro, su faɗa daga bagade cewa zama da iyali a waɗannan darare ibada ce. Su kuma tantance duk wanda za a ba amanar yara, su koya wa iyaye yadda ake jagorantar gajeriyar sujada a gida, domin da yawa kunyar rashin iyawa ce ke hana su.

Manyan da ke da hadimai su ma suna da nasu kason. Hadimin minista ko na ɗan majalisa ko direban Babban Sakatare ba shi da lokacin tashi, sai maigida ya sallame shi. Wanda ke zaunar da mai gida a Keffi har ƙarfe goma na dare kan abin da zai iya jira gobe, ya sani yaran wani yake hana uba. Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikaci namiji da aka yi wa haihuwa tun Satumban 2021. Maza su daina jin kunyar karɓarsa, daraktoci su daina yi wa mai nema kallon rago.

Sauran aikin na iyaye ne, kuma bai fi ƙarfinsu ba. Susana Wesley, mahaifiyar John da Charles Wesley, da ɗawainiyar gida mai yara da yawa a Epworth da miji mai yawan tafiya, ta ware wa kowane yaro lokacinsa na hira shi kaɗai sau ɗaya a mako. Daren Alhamis ne na John, kuma ya girma yana tuna shi. Minti goma sha biyar na karatu da addu'a kafin barci, a kashe talabijin, a ajiye waya har ta iyaye, ya fi dogon wa'azin wata-wata. Wanda ba ya kwana gida sai ƙarshen mako ya tsayar da lokacin kiran waya da ba ya saɓawa, ya yi magana da kowane yaro da sunansa, kiran kuma kada ya zama na bin bahasi kaɗai. A ci abinci tare ko sau biyu ne a mako. A bar yaro ya yi tambaya mai wuya game da Allah, da mutuwa, da jikinsa, ba tare da an daka masa tsawa ba, domin tambayar da aka hana a gida intanet zai amsa ta. Uwa da uba su daidaita bakinsu, su guji fifita wani ɗa, don gidan Ishaku da na Yakubu sun nuna inda wannan ke kai zuriya. In kuma babba ya yi wa yaro ba daidai ba, ya ce masa "Ka yi haƙuri, ɗana." Addinin da tushensa tuba da gafara ne ba zai shiga zuciyar yaron da bai taɓa ganin babba ya nemi gafara ba.

Duk da haka, tarbiyya ba kwangila ba ce da za a ce an biya, dole a ga aiki. Akwai iyayen da suka yi iyakar ƙoƙarinsu ɗa ya bauɗe, bai kamata ikilisiya ta ƙara musu nauyi da tsegumi ba. Monika, mahaifiyar Agustin, ta yi shekaru tana kuka da addu'a kafin a yi masa baftisma a Milan a 387, yana da shekara 32, ta kuma rasu a cikin shekarar. Ikon juya zuciya na Allah ne. Abin da aka ba iyaye shi ne su kasance a wurin, su faɗi gaskiya, su yi ta a gaban yaro, su bar ƙofa a buɗe.

Ranar da ma'aikaci ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, za a yi masa walima, a ba shi kyauta, kafin mako ya zagayo wani ya hau kujerarsa, fayil kuma ya ci gaba da tafiya kamar bai taɓa zama a wurin ba. Kujerar uba da ta uwa ce kaɗai ba a naɗa wa muƙaddashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekarun ɗanyancin kuwa ba sa jiran ƙarin girma ko ritaya.